Sunaye Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargidanka Inna da yara duka. Yaya kunnen? Umma ta ce har yanzu in an kira ka a waya sai ka yi ta "Eh? Me kika ce?" har mutum ya gaji ya kashe, shi ya sa na ɗauki biro. Rabonka da ni tun ina sakandare, don haka bari in tuna maka. Ni ce autar Umma, jikar yayar mahaifiyarka, mai surutun nan da ka taɓa cewa a kai ta gidan rediyo.

Ban tafi rediyo ba. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon kasuwanci da gudanarwa, ɓangaren kula da ma'aikata. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce, "To me za ki zama ke nan?" Abin da ake koya mana shi ne yadda ake ɗaukar mutum aiki, a horar da shi, a auna aikinsa, a tsara hutunsa da ƙarin girmansa, har ranar da zai ajiye aikin.

Ga labarin da ya sa na rubuto. An raba mu wurare don koyon aiki na wata shida, ni sai aka turo ni hedikwatar kamfanin robar da kake aiki a masana'antarsu! Kujerar da nake zaune a kai ma na kifa ta na duba, tambarinku ne, wataƙila daga injinka ta fito. Ofishinmu yana hawa na uku, teburina yana jikin injin kwafi, duk wanda ya zo sai ya ce in ɗan matsa. Shugabar ofis, Madam ake ce mata, ba ta son hayaniya kuma ba ta maimaita magana.

Ta ba ni aiki babba. Zan tsara fom na auna ma'aikata, mai layi biyar: ƙwarewa, yawan aiki, shekaru a kamfani, takardun gargaɗi, da kwanakin fashin aiki. Kowane layi da makinsa. Malaminmu ya ce shi zai zama kundina na kammala karatu.

Direban babbar motarku da ke kawo kaya duk Laraba ya yarda ya riƙa kai mana wasiƙa. Ka gaishe da Inna.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Saƙonki ya iso, kuma ban manta ki ba, mai surutu irin naki ba a manta shi. Muna lafiya. Inna tana fama da gwiwa, in za ta tashi sai ta dafa bango. Kunne kuwa na dama ya tafi, na hagu yana lallaɓawa. Shekara ashirin da shida a gefen injin ba wasa ba ne.

Na yi murna ƙwarai. Na karanta wa Inna wasiƙar sau biyu, ta ce ashe muna da mutum a sama. Kujerar da kika kifa, in akwai lamba huɗu a jikin tambarin, daga sashena ta fito. Ni ne shugaban sashen, mutum talatin ne a ƙarƙashina.

Batun fom, ni ban yi karatunku ba, amma ina mamakin yadda za a zuba mutum a layi biyar. Akwai wani a nan, Mai Walda muke ce masa, shi ya koya mini aiki lokacin da ban san kan ƙusa da gindinta ba. In mazubin roba ya tsage, injiniya zai ce a aiko da sabo, wata biyu muna jira. Mai Walda zai ɗora kunne a jikin ƙarfen ya ƙwanƙwasa, kafin la'asar injin ya tashi. A wane layi za ki sa wannan?

Yanzu ga abin da ke damuna. An kawo sababbin injuna uku, kowanne yana aikin mutum goma. Tun ranar da aka sauke su ake raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. A wurin cin abinci ba a maganar komai sai ita. Manajan masana'anta in ka tambaye shi sai ya ce daga sama ake yanke hukunci. To ke kina saman. Kin ji wani abu? Ba don kaina kaɗai nake tambaya ba, amma har da kaina, don yara uku suna makaranta.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaida ka da Inna, Allah ya ba ta sauƙin gwiwa. Ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi, haka Umma take yi. Ni ma na yi kwana biyu da mura, sanyin ofishin nan ya fi ƙarfina, amma na warware.

A gaggauce nake rubutu, direba yana ƙasa yana ta hon. Na duba, lamba huɗu ce!

Maganar da ka tambaya, ka yi haƙuri. Ranar da na fara aiki na sa hannu a takarda cewa abin da na gani a ofis zai tsaya a ofis, kuma shi ne darasin farko da aka koya mana a aji. Abin da zan iya ce maka kawai, fayil ɗinka ya biyo ta hannuna, ka kwantar da hankalinka.

Auta

*

'Yata Auta,

Gaisuwa da fatan mura ta sake ki. Mu ƙalau.

Allah ya saka miki da alheri. Na gane abin da kike nufi, ba sai kin ƙara ko harafi ba. Ranar da wasiƙarki ta zo na ci abinci na ƙoshi, abin da na yi sati uku ban yi ba. Inna ta ce zumunci ke nan, ko da na nesa ne.

Amma akwai abin da ya faru. Direban nan bakinsa ba ya rufuwa. Ya baza cewa ina da 'ya a ofishin ma'aikata, kuma ita ke riƙe da fayil ɗin kowa. Jiya da aka tashi hutun rana na tarar da mutum bakwai suna jirana a bayan sito. Wani ya rubuto sunansa da lambarsa a bayan kwalin magani. Wata mai share sashe ta riƙe mini hannun riga tana kuka. Na ce musu ke ɗaliba ce, ba ki da iko, amma na ga ba su yarda ba, ni ma kuma da nake faɗa ban san ko na yarda ba.

Ba zan turo miki sunayensu ba, kar in ɗora miki nauyi. Mutum ɗaya kawai nake roƙo. Yadda kika yi mini, ki yi wa Mai Walda. Lambarsa ɗari da sha biyu. Shekararsa hamsin da takwas, in aka sallame shi ba wanda zai ɗauke shi. Na nuna masa wasiƙarki, ya karanta ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya raya ta." Bai roƙe ni komai ba, shi ya sa nake roƙo a madadinsa.

Ina jiran amsa ranar Laraba.

Kawunki

*

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Laraba biyar ke nan ina tsayawa a bakin ƙofa in ga motar ta shigo, direba ya ɗaga mini hannu wofi. Na sa Inna ta kira Ummanki, ta ce kina nan ƙalau kina zuwa aiki. To alhamdu lillahi.

Ba sai na ba ki labari ba, kin riga ni sani. Ranar Litinin da safe aka manna takarda a allon sanarwa, sunaye arba'in da ɗaya, kowane da makinsa a gefe. Sha ɗaya daga sashena. Mutane suka taru suna bin layi da yatsa. Wanda bai iya karatu ba yana jan rigar wanda ya iya. Na bi sau uku, babu sunana. Na Mai Walda shi ne na tara.

Yana tsaye a bayana. Ya cire safar hannunsa ya ninke ta, ya ce, "Ka ga maki nawa suka ba ni?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ashe ban ci jarrabawa ba." Ya je ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ware na kamfani gefe, nasa gefe, ya kira mai sito ya ce ya ƙirga.

Tun ranar ba wanda ya zauna benci ɗaya da ni. In na shigo wurin cin abinci sai magana ta mutu. Wani ya rubuta "Kawun Madam" da alli a jikin kabad ɗina, ke suke nufi. Na goge, washegari ya dawo. Mutum sha ɗayan nan ni na koya wa rabinsu aiki, na je sunan 'ya'yansu, yanzu in mun haɗu a hanya sai su duba ƙasa.

Ni ba na zargin ki da kin cece ni. Ni na roƙa, kuma in aka mayar da ni baya zan sake roƙo, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki faɗa mini abu biyu. Da kika iya cire sunana, me ya hana ki cire nasa? Sannan makin nan da aka rubuta a gefen sunaye, layi biyar na gani a saman takardar. Fom ɗinki ne?

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Kawu

*

Kawu,

Ina gaida ka, ina gaida Inna. Lafiyar jiki ina da ita. Wannan wasiƙa ta gidan waya na aiko ta, ba ta hannun direba ba.

Zan fara da tambayar farko. Ban cire sunanka ba, Kawu. Ban taɓa iyawa ba. Da na ce fayil ɗinka ya biyo ta hannuna, ina nufin an ba ni tarin fayil in jera, na ga naka, na ga shekara ashirin da shida babu gargaɗi ko ɗaya, na san duk yadda aka auna za ka wuce. Ko wannan ma bai kamata in faɗa ba. Na so in sanyaya maka rai ne a layi ɗaya, ga abin da layin ya jawo.

Ranar da na karanta roƙonka kan Mai Walda sai na tuna darasinmu. An koya mana cewa in kana da ɗan'uwa a cikin waɗanda ake aunawa, dole ka faɗa. Na shiga wurin Madam na faɗa mata komai. Ta cire tabarau ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun ranar farko. Ta ce, "Kin makara da wata biyu." A take ta ɗauke ni daga teburina ta tura ni ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a ƙasa, ta ce in na rubuta wa kowa a masana'anta kafin a manna sunaye, za ta mayar da ni makaranta da takardar da za ta hana ni kammalawa. Dalilin shirun ke nan. Duk Laraba ina jin hon ɗin motar ta taga.

Tambaya ta biyu. Eh, fom ɗina ne. Wallahi an ce mini na ƙarin girma da horo ne, sai daga baya na gane. Amma ba zan fake da wannan ba, don kuskuren da ke ciki nawa ne. A layin fashi na rubuta a cire maki ɗaya kan kowace ranar da mutum bai buga katin shigowa aiki ba. Haka na gani a littafi, haka na kwafa. Ban raba wanda ya ƙi zuwa da wanda aka ba izini ba, don na ɗauka duk izini yana cikin kwamfuta.

A ɗakin ajiyar nan na ci karo da kwali biyu daga masana'antarku, cike da ƙananan takardun izini da tsohon manajanku ya riƙa rubutawa da hannu, ba a taɓa shigar da su ba. Mai Walda yana da kwana talatin da huɗu a bara, duk an rubuta "jinyar matarsa a asibiti". Da ba a cire masa su ba, da yana sama da kai. Na samu wasu mutum uku irinsa.

Na kai wa Madam. Ta duba takardun, ta ce hedikwata ba ta buɗe magana da kanta, amma dokar kamfani ta ba wanda aka sallama kwana goma sha huɗu ya ɗaukaka ƙara, in shugaban sashensa ya rubuta shaida. Na tambaye ta ko zan iya sanar da kai, ta ce, "Dokar a manne take a bango, ba sirri ba ce." Saura kwana shida. Tsohon manajan ya rasu, kai ne ka san an ba da izinin. Ba zan ɓoye maka ba, manajanku na yanzu ba zai ji daɗi ba, don shi ya aiko da lissafin kwanakin.

Ina tunanin in bar karatun nan. Shekara huɗu ina haddace yadda ake kula da ma'aikaci, aikina na farko ya kori wanda ya koya maka aiki.

Ka yafe mini.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, gwiwar Inna da sauƙi. Wasiƙarki ta iso saura kwana uku.

Ni ya kamata in nemi yafiya. Na karanta abin da nake so in gani, na kuma yawata da shi.

A ranar na tafi gidan Mai Walda bayan an tashi. Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabciya murhun ƙarfe. Bai ɗago ba. Na zauna a kan bulo na faɗa masa komai, har da cewa fom ɗin naki ne. Ya ce, "Wato yarinyar da na sa wa albarka." Na ce ita. Ya ce, "Ni in je in tsaya gaban yaran da na girme wa iyayensu, in rantse cewa matata ta yi ciwo? Ga kabarinta can, su je su tambaya." 'Yarsa ce ta fito ta karɓi takardar daga hannuna ta ce, "Baba, sa hannu, ba don su ba, don mu." Ya sa.

Na rubuta shaida ta mutum biyu na sashena, na bi shugabannin sauran biyun har suka rubuta. Manaja ya kira ni ofis ya ce, "Kai da aka bari, me kake nema?" Na ce masa kunnena ba ya ji sosai. Daga wata mai zuwa an mayar da ni sashen niƙa tsohuwar roba, ba ni da kowa a ƙarƙashina. Kar ki damu da wannan, aiki aiki ne.

An yi zaman, an dawo da su huɗun. Mai Walda ya koma ranar Alhamis.

Ga wanda ban so in rubuta ba. Hedikwata ta ce arba'in da ɗaya aka ce, arba'in da ɗaya za a yi. Da aka cire huɗu, sai aka gangara ƙasa aka ɗauko huɗun da ke biye. Biyu a sashena suke, kuma tunda har yanzu ni ne shugaba, ni aka ba ambulan in miƙa musu. Ɗaya mai tuƙa motar ɗaga kaya ne, sati biyu da suka wuce ya duba allo bai ga sunansa ba, ya yi sujada a tsakar sito. Da na miƙa masa ya ce, "Baba, ai an gama." Na ce ni ma haka na zata.

Mai Walda da ya ji, ya ajiye abincinsa bai ƙarasa ba. Yana aiki, amma ba ya magana da kowa.

Batun barin karatu, ba ni na saka ki ba, ba ni zan cire ki ba. Amma in kin bari, wani zai zauna a kujerar, kuma ba lallai ya buɗe kwali ba.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Inna. Ina lafiya. Na yi wata guda ban rubuto ba don ban san me zan ce ba kan mutum huɗun nan, har yanzu ma ban sani ba. Na tambayi Madam ko ba yadda za a yi, ta ce adadin ba daga ofishinmu ya fito ba.

Na gama karatun. A kundin na ƙara babi guda na rubuta kuskuren da abin da ya jawo. Malaminmu ya ce in cire shi zai rage mini maki, na bar shi, ya rage.

Madam ta kira ni jiya. Ta ce masana'antarku ba ta da jami'in ma'aikata a wurin, shi ya sa takardu ke ruɓewa a kwali, kuma za a buɗe ofis. Ta ce ba wanda ke son zuwa, ko ina so? Tunda yanzu ba ka shugabantar kowa, kuma fayil ɗinka zai zauna a hedikwata, zumuncinmu ba zai hana ba. Na ce ina so. Umma ta yi faɗa, ta ce ina kai kaina inda aka tsane ni.

Zan fara ranar ɗaya ga wata. Alfarma ɗaya nake nema. Ka faɗa musu kafin in zo cewa ni na tsara fom ɗin. Ba na so su ji daga bakin direba.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Inna ta share miki ɗakin baya, ta ce ba za ki kama haya ba muna raye.

Na faɗa musu jiya a wurin cin abinci. Na tashi tsaye na faɗa da ƙarfi, kin san kurma ba ya iya magana a hankali. Mai share sashen nan ta ce, "To ta zo mu gan ta." Ofishin naki tsohon ɗakin masu gadi ne, kusa da ƙofar shiga, taga ɗaya, fanka tana aiki.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Mai motar ɗaga kayan nan ya tafi wani gari neman aiki, sati uku ba labarinsa. Matarsa tana zuwa bakin ƙofa kullum da safe, da goyo, ta ce tana so ta ga wanda ya yi lissafin. Masu gadi sun kore ta sun gaji. Ba ta zagi, ba ta kuka, tsayawa kawai take yi har rana ta yi zafi.

Yau na tsaya na faɗa mata ranar da za ki zo. Ta ce to, za ta jira.

Ita za ki fara tararwa kafin ki kai ofis. Ki taho da abin da za ki ce mata, don ni na nema ban samu ba.

Kawunki